BABI NA UKU: SHARHI A KAN RA'O'IN MASANA GAME DA MATSAYIN TILO DA JAM'I A ƘWAƘWALWAR MAI MAGANA

3.0 Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya buɗe baki ya ce "motoci sun tsaya a bakin tasha" ya yi aiki mai yawa a cikin ɗan ƙanƙanen lokaci ba tare da ya farga ba. Ya zaɓi suna, ya tsai da cewa abin da yake nufi ya wuce ɗaya, ya samo sigar jam'in da ta dace da sunan, sannan ya ɗauko "sun" ya bar "ta". Levelt (1989) ya bayyana cewa mai magana yakan furta kalma 2 zuwa 3 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kuskurensa wajen zaɓen kalma bai cika wuce ɗaya cikin 1,000 ba. Wannan sauri shi ya sa masana ilimin harshe da ƙwaƙwalwa suka daɗe suna tambaya: shin kalma irin "motoci" a ajiye take a rumbun kalmomin da ke cikin ƙwaƙwalwa, ko kuwa ƙera ta ake yi daga "mota" a duk lokacin da aka bukace ta?

A wannan babi za a kawo manyan ra'o'in da masana suka gabatar a kan wannan tambaya, sannan a auna su da ma'aunin Hausa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, tambayar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: adadi a matsayin al'amarin nahawu, da kuma sigar da jam'i yake fitowa da ita a baki. Ra'o'in da aka gina a kan Ingilishi sun yi bayanin na farko daidai gwargwado, amma sun gaza a kan na biyu.

3.1 Ra'in Ajiya da Ra'in Ƙa'ida

Masu ra'in ajiya, irin su Butterworth (1983), suna ganin cewa kowace sigar kalma tana da mazauninta a ƙwaƙwalwa. Wato "gida" daban, "gidaje" daban, kuma aikin mai magana shi ne ɗaukowa kawai. Masu ra'in ƙa'ida kuwa suna ganin saiwar kalma ce kaɗai a ajiye, sai a liƙa mata ɗafin jam'i a lokacin furuci. Babbar hujjarsu ita ce gwajin Berko (1958) a Amurka, inda aka nuna wa yara 'yan shekara 4 zuwa 7 zanen wata halitta aka ce sunanta wug, kalmar da babu ita a Ingilishi. Da aka nuna musu biyu, sai mafi yawansu suka ce wugs. Tun da yaran ba su taɓa jin kalmar ba, ba za a ce hadda suka yi ba.

Daga baya Pinker (1999) ya yi ƙoƙarin sasanta ɓangarorin biyu da abin da za a iya kira ra'in tagwayen hanya. A ganinsa, jam'in da ya bi ƙa'ida ƙera shi ake yi, wanda ya saɓa mata kuwa ajiye shi ake yi. Ya ƙara da cewa harshe yakan tanadi ƙa'ida guda wadda ake komawa gare ta idan ƙwaƙwalwa ba ta sami komai a ajiye ba. Marcus da abokan aikinsa (1995) sun kafa hujja da Jamusanci, inda ɗafa-ƙeyar -s take da ƙarancin kalmomi, amma ita ake ba sunayen mutane da baƙin kalmomi.

3.2 Ra'in Matakai

Levelt da Roelofs da Meyer (1999), waɗanda suka yi aikinsu a cibiyar Max Planck ta garin Nijmegen a ƙasar Holan, sun kasa samar da kalma zuwa matakai. Da farko akwai matakin ma'ana, inda mai magana yake tsai da abin da yake son faɗa. Sai matakin nahawu, inda kowace kalma take da gurbi mai ɗauke da bayanin ajinta da jinsinta, amma babu sauti a cikinsa tukuna. A wannan gurbi ne ake ɗora alamar tilo ko jam'i. Daga nan sai matakin siga, inda ake ɗauko ƙwayoyin ma'ana, wato saiwa da ɗafi, a jera su, a yi musu gaɓoɓi, a furta.

Sai dai waɗannan masana sun ware wasu sunaye. Baayen da Dijkstra da Schreuder (1997) sun riga sun nuna a harshen mutanen Holan cewa sunaye iri biyu ne: waɗanda aka fi amfani da tilonsu, kamar hanci, da waɗanda aka fi amfani da jam'insu, kamar idanu. A rukunin farko mai karatu ya fi saurin gane tilo a kan jam'i. A rukuni na biyu kuwa jam'in ba ya jan lokaci fiye da tilo. Don haka Levelt da abokansa suka ce sunan da jam'insa ya rinjaya yana da ma'ana biyu da gurbi biyu, domin "idanu" a tunanin mai magana abu ne guda mai zaman kansa, ba ido da ido ba. Biedermann da Nickels da abokan aikinsu (2012, 2013) sun gwada wannan a fagen furuci, ta hanyar nuna hotuna a ce a faɗi sunansu. Sun haɗa da mutanen da maganarsu ta sami matsala sanadiyyar ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma suka tarar cewa jam'in sunayen da tilonsu ya rinjaya shi ya fi ba da wahala.

3.3 Auna Ra'o'in da Ma'aunin Hausa

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ra'o'in da aka kawo a sama sun taso ne daga harsunan da jam'insu a mafi yawan lokaci tilo ne da aka ƙara wa ɗafi a ƙarshe. A nan za a duba yadda suka yi da harshen da ba haka tsarinsa yake ba.

3.3.1 Adadi a Matakin Nahawu

A wannan fanni Hausa ta goyi bayan raba nahawu da sauti. Idan sunan wani ya kwanta wa Bahaushe a rai, yakan ce "wane" ko "wance" ko "su wane". Wato ya riga ya san jinsi da adadin wanda yake nufi alhali sautin sunan bai zo masa ba. Wannan ya yi daidai da binciken Vigliocco da Antonini da Garrett (1997), waɗanda suka nuna cewa mutanen Italiya sukan iya faɗin jinsin kalmar da ta maƙale musu a baki. Dubi kuma waɗannan misalai:

(1) Mutum biyar sun zo.
(2) Mota uku sun lalace.
(3) Su Audu sun iso.
(4) Jama'a ta taru. / Jama'a sun taru.
(5) Kuɗin ya ƙare. / Kuɗin sun ƙare.

A misali na (1) da na (2) sunan yana cikin sigar tilo, amma zagin aikatau na jam'i ne. A na (3) sunan bai sauya ba ko kaɗan, kalmar "su" ce ta ɗauki nauyin adadi. A na (4) da na (5) siga ɗaya ta karɓi zagi iri biyu, gwargwadon yadda mai magana ya kalli abin, a dunƙule ko a warwatse. Wannan ya nuna cewa adadin da jimla take aiki da shi ba daga sigar suna ake karanto shi ba.

Amma a nan ma akwai gyara ga ra'in matakai. In da alamar jam'i a kan gurbin "mutum" aka ɗora ta a misali na (1), da sai a ce "mutane". In kuwa alamar tilo ce, da sai a ce "ya zo". Tun da ba a sami ko ɗaya ba, dole ne a ce adadin yana kan yankin suna ne gaba ɗayansa, ba a kan kalma guda ba. Bayanin Eberhard da Cutting da Bock (2005) ya fi dacewa da wannan, domin sun ce ma'ana ce take fara sa wa yankin suna alamar adadi, sannan sigar kalmomin da ke cikinsa ta ƙarfafa alamar ko ta raunana ta.

3.3.2 Sigar Jam'i

A nan ne ra'in ƙa'ida ya gamu da cikas. Newman (2000) ya nuna cewa hanyoyin gina jam'i a Hausa sun kai kimanin 40, waɗanda ya tattara su a manyan azuzuwa 15. Ga kaɗan daga ciki:

(6) taga, tagogi, mota, motoci, hanya, hanyoyi
(7) riga, riguna, ɗaki, ɗakuna, wando, wanduna
(8) malam, malamai, ɗalibi, ɗalibai
(9) gida, gidaje, kifi, kifaye, birni, birane
(10) kujera, kujeru, shekara, shekaru
(11) wata, watanni, kaka, kakanni

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, jam'in Hausa ba tilo ne da ƙari ba. Wasalin ƙarshe na tilo yakan faɗi, kuma karin sautin tilo yakan gushe baki ɗaya, jam'i ya zo da nasa. "Mota" tana da karin sama-ƙasa, amma "motoci" sama ce daga farko har ƙarshe. "Riga" ƙasa-sama ce, amma "riguna" sama-sama-ƙasa ce. A "birane" kuwa wasali ne ya kutsa cikin saiwar ya raba baƙaƙenta. Saboda haka matakin siga na Levelt, wanda yake jera saiwa da ɗafi kamar duwatsun carbi, ba shi da wurin da zai ajiye karin sautin da ya lulluɓe kalma gaba ɗaya, ballantana ɗafin da ya shiga tsakiya. Har ma akwai inda karin sauti kaɗai ya raba tilo da jam'i: "mata" ta aure ƙasa-sama ce, "mata" jam'in mace kuwa sama-sama.

Ba a ce babu tsari ba. Newman (1972) ya nuna cewa a azuzuwan misali na (9) nauyin gaɓar farko shi ke zaɓen siga: gaɓa marar nauyi tana ba da "gidaje" da "wurare", mai dogon wasali tana ba da "kifaye" da "zomaye", mai rufe da baƙi kuwa tana ba da "birane" da "gulabe". Amma wannan tsari yana aiki ne bayan an san ajin da sunan yake ciki. Ba ya gaya wa mai magana dalilin da ya sa "taga" ta zama "tagogi" alhali "riga" ta zama "riguna". Sanin aji abu ne da dole a ajiye shi tare da kowane suna.

Abu na biyu shi ne, wani lokaci tilo ba ya ɗauke da isasshen bayanin da za a ƙera jam'i da shi. Dubi waɗannan:

(12) maciji, macizai
(13) magaji, magada

Duka biyun suna ƙarewa da -ji a tilo, sakamakon ganɗantawa. Amma a jam'i ɗaya ya koma z, ɗaya ya koma d. Mai maganar da tilo kaɗai ya ajiye ba shi da yadda zai san wanne zai ɗauka, sai dai idan ya san jam'in ko kuma danginsa, wato "cizo" da "gado". Wannan hujja ce cewa kalmomi a ƙwaƙwalwa suna da alaƙa da juna ta fuskoki da yawa, ba hanya ɗaya ce daga tilo zuwa jam'i ba.

Abu na uku ya shafi ƙa'idar komawa ta Pinker. Gaskiya ne ajin misali na (6) ya fi kowanne karɓar baƙi: likitoci, ofisoshi, ministoci, lauyoyi, kwamfutoci. Mai goyon bayan tagwayen hanya zai ce ga ƙa'idar nan an samu. Amma kalmomin aro daga Ingilishi ba duka suka bi ta nan ba:

(14) banki, bankuna, kanti, kantuna
(15) layi, layuka
(16) bokiti, bokitai
(17) fim, finafinai

Waɗannan kalmomi duk baƙi ne a lokacin da suka shigo, babu jam'insu a ajiye a ƙwaƙwalwar kowa. In da ƙa'ida guda ce ake komawa gare ta, da duk sun tafi aji ɗaya. Abin da ya bayyana shi ne, kowace ta bi sunayen da ta yi kama da su: "banki" ta bi sawun "ɗaki", "bokiti" ta bi sawun "ɗalibi". Sunayen mutane kuwa, waɗanda Jamusanci yake ba -s, a Hausa ba a taɓa sigarsu, sai dai a gabatar musu da "su".

Abu na huɗu shi ne yawan jam'i ga suna ɗaya: dawaki da dawakai, sarakuna da sarakai, idanu da idanuwa, hannuwa da hannaye, jakuna da jakai. A ra'in tagwayen hanya, sigar da ke ajiye takan toshe hanyar kowace siga, shi ya sa mai Ingilishi ba ya ƙera wani jam'i ga kalmar da ya riga ya san jam'inta. A Hausa kuwa sigogi biyu ko uku sukan zauna lafiya a bakin mutum ɗaya, ban da bambancin karin harshe tsakanin Kano da Sakkwato da Katsina.

Ra'in da ya fi kusa da warware wannan shi ne wanda za a kira ra'in zubi. Haspelmath (1989) da Lobben (1991) sun yi nazarin jam'in Hausa kai tsaye, kuma Bybee (1995) ta kafa hujja da aikin Lobben, wanda ya haɗa da gwaji da ƙagaggun kalmomi. Abin da suka fahimta shi ne, mai magana ya san yadda jam'i yake kama, wato tsawonsa da karin sautinsa da ƙarshensa, sai ya zuba sabuwar kalma a cikin zubin da ya fi dacewa da ita. Zubin kuwa daga tarin jam'in da ke ajiye yake samuwa, kuma ƙarfinsa ya danganta da yawan kalmomin da ke cikinsa. Raunin wannan ra'i shi ne bai yi cikakken bayanin matakan furuci da lokacin da kowane yake ɗauka ba, kamar yadda ra'in matakai ya yi. Don haka kowanne yana bukatar ɗan'uwansa.

3.3.3 Jam'in da Ya Zama Mai Cin Gashin Kansa

Maganar Levelt da abokansa cewa wani jam'in yana da ma'anarsa ta kansa ta sami gindin zama a Hausa. "Iyaye" a yau ba tarin uwa ba ne, uwa da uba ake nufi. "Shanu" ta haɗa sa da saniya, "'ya'ya" ta haɗa ɗa da 'ya. Tarihin kalmar "kuɗi" ya fi kowanne fito da wannan. Asalinta jam'in "wuri" ce, wato abin da ake ciniki da shi a ƙasar Hausa kafin zuwan kuɗin Turawa. Da aka bar ciniki da wuri, sai alaƙar ta yanke a tunanin masu magana, "kuɗi" ta tsaya da ƙafarta, har aka yi mata sabon jam'i, "kuɗaɗe". Jam'in da ake ƙerawa daga tilo a kowane furuci ba zai iya rabuwa da tilonsa haka ba. Ruwa ba ya tsami banza: sai abin da yake a ajiye ne yake iya sauya ma'ana shi kaɗai.

3.3.4 Shin Tilo Fanko Ne?

Bock da Miller (1991) sun ba masu Ingilishi farkon jimloli su ƙarasa, irin "mabuɗin ɗakunan...". Sun tarar cewa suɓutar baki ta fi faruwa idan jigon yankin tilo ne kuma sunan da ke kusa da aikatau jam'i ne, wato a ce "sun ɓace" a maimakon "ya ɓace". Akasin haka bai cika faruwa ba. Eberhard (1997) ta fassara wannan da cewa jam'i yana da alama a ƙwaƙwalwa, tilo kuwa ba shi da komai. A Hausa ba za a karɓi wannan kai tsaye ba, domin tilo yana ɗauke da jinsi, jam'i ne yake shafe shi. Ana cewa "rigar ta tsufa" da "wandon ya tsufa", amma "rigunan sun tsufa" da "wandunan sun tsufa". Zaɓin Bahaushe tsakanin abu uku ne: ya, ta, sun. Saboda haka a yanki irin "mabuɗin motar" akwai ƙofar kuskuren da Ingilishi ba shi da ita, wato a ce "ta ɓace". Duk bayanin da ya ɗauki tilo a matsayin fanko bai yi wa wannan tanadi ba.

3.4 Hanyoyin Gwaji

Akwai kuma abin dubawa a hanyoyin da aka bi aka sami sakamakon. Gwajin karatu irin na Baayen da abokansa ba zai yi aiki a Hausa yadda yake ba, domin daidaitacciyar hanyar rubutun boko ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wanda aka nuna wa "mata" a rubuce ba zai san tilo ce ko jam'i ba. Gwajin hotuna shi ma yana da tasa matsalar. Idan aka nuna wa Bahaushe hoton motoci uku ya ce "mota uku", bai yi kuskure ba, amma mai gwajin da ya kwafo ma'auninsa daga Ingilishi zai rubuta cewa ya kasa kawo jam'i.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Irin waɗannan gwaje-gwaje ake amfani da su wajen auna maganar wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki. Fassara su kai tsaye tana iya sa a ɗora wa marar lafiya raunin da ba shi da shi, ko a kasa ganin wanda yake da shi. Haka nan a makaranta, malamin da ya ɗauka jam'i ƙa'ida ɗaya ce da amsa ɗaya zai soke "dawakai" don littafinsa ya ce "dawaki", ya kuma ɓata lokaci yana koyar da dokokin da togaciyarsu ta fi su yawa, alhali jera sunaye aji-aji tare da karin sautinsu shi ya fi kusa da yadda ɗalibi ya riga ya san harshensa.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an kawo ra'in ajiya da na ƙa'ida da na tagwayen hanya da na matakai da kuma na zubi, aka auna su da misalan Hausa. An ga cewa raba matakin nahawu da na sauti ya tabbata, sai dai adadi a kan yankin suna yake, kuma a Hausa ba ya rabuwa da jinsi. An kuma ga cewa sigar jam'i ba ta samuwa ta hanyar liƙa ɗafi ga tilo kawai, domin karin sauti da ɗafa-ciki da ganɗantawa da kalmomin aro da yawan jam'i ga suna ɗaya duk sun nuna cewa jam'in da aka saba da shi a ajiye yake, sabo kuwa a zubin tsofaffi ake zuba shi. Babi na gaba zai ɗauki azuzuwan jam'in ɗaya bayan ɗaya, domin a ga irin sunayen da kowane zubi yake karɓa da waɗanda yake ƙi.